Amin, Baba

Sabon Gari, Gusau
Yuli, 1998

Zuwa ga bawana Mas'udu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya damina, ya Gwaggo?

Bayan haka, yau ba wasan taubasai ya sa na ɗauki biro ba. Jiya na je suna Karakkai, na tarar da matarka Saude a gidan ubanta. An ce yaji ta yi, don tun farkon damina ba ka amsa maganarta, in kuma ka buɗe baki sai tsawa kamar mai kiran saniya a daji. Wannan tsakanin miji da mata ne, ban sa baki ba.

Bikon da ka je shi ya tayar mini da hankali. Surukinka Malam Usman da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce ka durƙusa a zaure, kanka a ƙasa, ya tambaye ka, "Mas'udu, ko ka gaji da ɗiyata na?" Ka ce, "Haka ne, Baba." Ya ce, "To in haka na, ka aiko da takardarta." Ka ce, "Amin, Baba, Allah shi ƙara girma." Ka tashi ka shafa addu'a ka hau kekenka.

Kai, Mas'udu! Hauka kake yi ko asiri aka yi maka? Tsohon nan yana jiran takardar saki, yarinya kuwa ko tuwo ba ta iya haɗiyewa. Ka ba ni amsa ta hannun direban da ya kawo maka wannan.

Uwargijiyarka,
Dije

*

Tsafe
Yuli, 1998

Zuwa ga 'yar'uwata Dije,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na karanta ta a bayan rumbu. Wallahi tallahi ban ji abin da Baba ya ce ba. Na zaci nasiha yake yi mini.

Dije, kunnena ya tafi. Kin san gonata da ke gindin dutse, inda kamfani ke fasa duwatsun hanya. Ina noman farko suka tayar da nakiya, babu usur, babu mai cewa a kauce. Ƙarar ta yar da ni. Da na tashi sai na ga tsuntsaye na tashi, jaki na buɗe baki, ni kuwa ba na jin komai sai kukan gyare a cikin kaina. Kunnen dama har jini ya yi.

Na ce kwana biyu zai buɗe. Na ɗiga man shanu, na ɗiga ruwan tafarnuwa, abin sai gaba yake yi. Ban gaya wa kowa ba, don ba na son yaran unguwa su fara cewa ga kurma nan. A kasuwa nakan dubi bakin mutum in kamo rabin zance. To amma wa zai ɗaga ido ya kalli bakin surukinsa? Kaina na ƙasa, sai na riƙa amsawa da abin da ake amsa wa manya.

Ba na son rabuwa da Saude. Ki taimake ni, ban san ta inda zan fara ba.

Naki,
Mas'udu

*

Sabon Gari, Gusau
Agusta, 1998

Zuwa ga ƙanwata Saude,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Inna. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta.

Mijinki bai gaji da ke ba, kurmancewa ya yi ya ɓoye, shashasha. Nakiyar masu fasa dutse ce ta tashi kusa da shi. Na sa ya zo Gusau, ni da maigidana Muhammad Sani muka kai shi asibiti ranar da likitan kunne ke zuwa daga Sakkwato. Da likita ya leƙa ya ga man shanu da tafarnuwa, sai ya ce, "Malam, kunne ne ko tukunyar miya?" Na yi dariya har ma'aikaciya ta harare ni. Daga baya kuma na koma bayan ƙofa na yi kuka, don na ga ana kaɗa masa wani ƙarfe a gefen kai yana ta zare ido, bai san an kaɗa ba.

Ga abin da aka ce. Dodon kunnen dama ne ya fashe, ya yi ruwa, amma zai haɗe in ya sha magani ya daina zuba masa kayan miya. Na hagu kuwa jijiya ce ta taɓu, wannan sai abin da Allah ya yi. Ni dai da na ji ɗaya zai dawo, sai na ji kamar an sauke mini dami daga ka.

Daga nan Muhammad Sani ya kai mu wurin wani lauya da ke tsaya wa talakawa. Ya karɓi takardar likita, ya ce a nemo shaidun da suka san ba a busa komai ba kafin fashewar. Mas'udu ya ce shi ba ya son shari'a, ƙaddara ce. Lauya ya rubuta masa a takarda cewa ƙaddara ce, amma gobe yaran da ke kiwo a gindin dutsen fa? Nan take ya sa hannu.

Ki karanta wa Baba wannan. Ki kuma ci abinci.

Yayarki,
Dije

*

Karakkai, Bunguɗu
Agusta, 1998

Zuwa ga Yaya Dije,

Gaisuwa da ladabi. Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci.

Na karanta wa Baba. Da na gama sai ya ce, "Ashe da bango ni yi magana." Inna ta rufe baki da gyale tana dariya, ni kuwa hawaye kawai nake yi.

Yaya, ba tsawar ce ta fitar da ni ba. Zan gaya miki don ke mace ce. Wata rana yana cin tuwo na zauna a bayansa, na daure na gaya masa a hankali cewa na yi ɓatan wata. Kin san nauyin wannan magana, ga shi na fari. Ko juyowa bai yi ba. Da ya gama sai ya ce da ƙarfi, "Gishiri ya yi yawa." Washegari na ɗaure kayana.

Yanzu da na tuna sai kunya ta rufe ni, da tausayinsa. Yana cikin wannan hali shi kaɗai, ni ina gefe ina ƙirga laifinsa. Amma shi ma ina da fushinsa, ni ba ta a ɓoye wa ciwo ba ce.

Don Allah kada ki gaya masa maganar. Tawa ce.

Ƙanwarki,
Saude

*

Tsafe
Oktoba, 1998

Zuwa ga Dije,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yara.

Albishirinki. Shekaranjiya da asuba na ji kiran salla. Can nesa-nesa, kamar daga wani gari, alhali masallacin na jikin gidanmu, amma na ji. Na zauna a bakin gado ina ta hamdala har na kusa rasa jam'i. Gyaren yana nan a kunnen hagu, mun fara sabawa da juna.

Maganar kamfani, da shaidu suka fito, har da wata Bafulatana mai tallar nono da ita ma abin ya taɓa, sai suka sauko. Sun ɗauki nauyin maganinmu, kuma yanzu sai an yi jiniya an aika wa mai unguwa kafin a tayar da nakiya. Batun diyya yana gaban alƙali, an ɗaga. Lauya ya ce a yi haƙuri, ni kuwa ba shi ne a gabana ba.

Na koma Karakkai. Ina durƙusawa Baba ya matso ta damana ya ɗaga murya, "Ɗaga kanka ka dube ni, yau babu kunya! Ka gaji da ɗiyata?" Na ce, "A'a, Baba!" Ashe na ƙwala da ƙarfi, kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo. Ya ce, "To yanzu mun ji juna." Ya yi mini faɗa sosai kan ɓoye ciwo, kuma wannan karon duk na ji, babu wanda ya wuce ni.

Sai dai ban ga Saude ba. An ce tana ciki, sai an gama yankan gero za a yi maganar komawa. Na aika mata takarda, shiru. Ko har yanzu fushi take yi? In kin san wani abu ki gaya mini, na yarda ni bawanki ne.

Naki,
Mas'udu

*

Karakkai
Oktoba, 1998

Malam,

Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki? Na ji amsar da ka ba Baba, ina cikin ɗaki. Duk Karakkai ma ta ji.

Ba fushi nake yi ba. Akwai maganar da na taɓa yi maka ba ka ji ba, kuma ba ta takarda ba ce. Ka zo ranar Juma'a, zan zauna ta damanka in sake faɗa. Kada ka yi jinkiri, don in ka daɗe idonka zai riga kunnenka.

Ka huta lafiya.
Saude