Zanen Kelantan

Kabo, 3 ga Maris

Gwaggo Hajaratu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ya ƙafar, da fatan da sauƙi. Na san ba kya son maganar waya, shi ya sa na ba Nata'ala direba wannan takarda.

Jami'armu da ke Kano za ta yi makon al'adun Kudu maso Gabashin Asiya, kuma ni aka ɗora wa baje kolin. Akwai laccoci, har da baƙuwa daga Maleshiya, Dakta Rohani. Don Allah ki ara mana zanen batik ɗin nan da mijinki, marigayi Baba Uwaisu, ya sayo a can. Har na rubuta katin da za a kafa gefensa: "Daga kayan marigayi Dakta Uwaisu Jalo." Kwana biyar kacal, ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba.

'Yarki, Zulaihat

Gwarzo, 6 ga Maris

Zuwa ga Zulaihat, 'yar ƙanena,

Wa alaikumus salam. Ina amsa gaisuwarki, ina gaida mutanen Kabo. Ƙafa kuwa tana kai ni duk inda na nufa.

Abin da marigayi ya taho da shi daga Maleshiya digiri ne da littattafai. Zane bai saya ba. Shekara huɗu muka yi a jihar Kelantan ta ƙasar, shi yana ɗakin karatu, ni ina zaune a gidan da ba mai jin Hausa ko Fulatanci. Maƙwabciyata Aminah ce ta ja ni zuwa rumfarta, ta koya mini yadda ake zuba narkakken kaki a kan farin yadi da ɗan bututun tagulla, a rina, a tafasa, kakin ya fita, ado ya bayyana. Wata bakwai na yi a kan wannan zane, kuma tabon ƙunar yana nan a babban yatsana. Shekara talatin da shida ke nan, duk faɗin danginmu babu wanda ya taɓa tambayata wa ya yi shi.

Ga shi nan na bayar, domin ilimi ba a kulle shi a adaka. Amma kada a rubuta sunan marigayi, kada kuma a rubuta nawa. Ban roƙi kowa ya tuna da ni ba. Kada ki aiko mota, ba zan zo ba.

Allah Ya yi miki albarka.
Hajaratu Jalo, tsohuwar shugabar makaranta

Kano, 14 ga Maris

Gwaggo,

Ina gaisuwa, kuma ki yafe mini. Wallahi kunya ta hana ni barci. Na kafa katin fari fat, ba rubutu.

Jiya Dakta Rohani ta tsaya gaban zanen har shayinta ya huce. Ta ce furannin nasu ne, irin na rumfar mahaifiyarta, amma layukan bakin zanen ba ta taɓa ganin irinsu ba. Da na duba sai na gane adon ƙwaryar nono ne, irin ta Inna, mahaifiyarki. Dakta ta tambaye ni wa ya yi aikin, ni kuma bakina ya kasa riƙe amana. Ran Lahadi za ta koma ƙasarsu. Ta ce in tambaye ki ko har yanzu kina jin harshensu, kuma ko za ki karɓi baƙuwa.

Ina jiran hukunci.
Zulaihat

Gwarzo, 15 ga Maris

Zulaihat,

Bayan gaisuwa. Shekara tara ke nan, tun rasuwar marigayi, ban yi wa wani mahaluki magana da harshen nan ba. Yau da hantsi na gwada shi a tsakar gida, awaki suna kallona. Sunan ruwa ya zo, sunan shinkafa ya zo, yadda ake yi wa baƙo maraba ya ƙi zuwa.

Ki kawo ta gobe bayan azahar. Ki sayo kwakwa biyu a Kano don in yi mata girkin ƙasarsu, ta nan ba ta da ruwa. Ki gaya mata idan na yi kuskure ta gyara mini, amma ba a gabanki ba.

Katin kuwa, kafin a rufe taron, ki rubuta: "Hajaratu, ɗalibar Aminah."

Wassalam.
Gwaggonki