Ƙunshin Da Ya Ƙi Cika Goma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke kula da takardun aikin baƙi a nan Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina yi maka barka da aiki, da sannu da wannan zafi da muke sha tare.

Ranka ya daɗe, sunana Lawali, amma a garin nan in ba ka ce Lawali Mai Famfo ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. Ni mutumin Jibiya ne ta ƙasar Katsina, a Najeriya. Shekarata goma sha ɗaya a Arlit ina gyaran injinan ruwa a ƙarƙashin wani ɗan kwangila da ke yi wa masu haƙar yuraniyom aiki. Matata Hadiza 'yar Tahoua ce, 'ya'yanmu uku duk a nan aka yanke musu cibi. Sau huɗu ina zuwa ofishinka, ana ce mini ka tafi Agadez ko kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili inda kowa zai karanta, tunda ba ni da abin ɓoyewa.

Ga abin da ke gabana. Maigidana ya kira ni ya ce kasuwa ta faɗi, ana rage mutane, kuma duk baƙon da bai kawo izinin aiki mai sabon hatimi ba kafin Babbar Sallah, za a karɓe katinsa na shiga wurin aiki. In kati ya tafi aiki ya tafi, gidan da muke ciki ma na aikin ne. Yau saura mako biyar.

Na ɗaya. Ban taɓa cin abinci a ƙasar nan ta bayan fage ba. Lokacin da na iso, da mutane suka ji Hausata irin ta mutanen Maradi ce sak, sai aka yi ta ba ni shawara: in nemo dattawa biyu su shaida a wani ƙauyen Maradi aka haife ni, a ba ni takardar haihuwa, in huta da zaman baƙo har abada. Na ƙi. Ba wai na fi kowa tsoron Allah ba ne, ni dai ba zan sa masu furfura su rantse a kan ƙarya saboda tuwona ba. Na zaɓi layi. Duk bayan shekara biyu ina kawo dosiyena cikakke: kwangila, fasfo, hotuna, da takardar likita mai hoton ƙirji. Sau biyar ana buga mini hatimi ba tare da ko tari ba. Ka sa a buɗe kabad a duba.

Na biyu, kuma nan ne ciwon yake. Dosiyenmu ba a nan ake buga masa hatimi ba, sai an aika da shi babban birni. Ofishinka kuwa ba ya aika ɗaya ɗaya, sai sun taru sun kai goma a ɗaure su ƙunshi guda. Lokacin da garin nan ke tashe, wa ya damu? 'Yan Togo, 'yan Ghana, 'yan Mali, 'yan Sanagal, kullum motar Agadez sauke su take yi, mako ɗaya ƙunshi ya cika. Yanzu fa? Takardar likita kuma wata uku ne ranta, in ta wuce ta mutu.

Na kawo nawa a watan Mauludi, tun izinina na da sauran kwana. Ya kwanta a kabad yana jiran na goma har watan Rajab. Da ya cika, sai aka jira ayarin motocin da sojoji ke rakawa, tunda saboda tawaye ba a bin hanya gaba gaɗi. Ya je ya dawo a ƙarshen Sha'aban da jan biro a goshinsa: takardar likita ta mutu. Wallahi ranar dariya na yi don takaici. Lafiyata ƙalau lokacin da na kawo ta, a kabad ɗinku ta tsufa.

Ban yi faɗa ba. Farkon Azumi, da bakina a bushe, na koma na sake tsayawa gaban na'ura. Mai ɗaukar hoton har tsokanata yake yi, wai yanzu ya fi gane haƙarƙarina a kan fuskata. Mu bakwai muka mayar da dosiye. Birkila ɗan Togo ya gaji ya karɓi fasfonsa ya koma gida. Mai walda ɗan Ghana an sallame shi. Saura mu biyar. Ranka ya daɗe, ƙunshin da ake jira ya kai goma baya yake yi. Wane baƙo ne zai taso neman aiki Arlit a wannan shekara? Masu shigowa garin yanzu makiyaya ne da fari ya cinye musu dabbobi, su kuwa 'yan ƙasa ne, ba ruwansu da dosiye. Sabuwar takardata ta likita kuma za ta mutu kwanaki kaɗan kafin Sallah.

Kada ka ce ji na yi a kasuwa. Da hannuna na ƙirga. Ranar da na je tambaya, robar da ke ɗaure da takardun ta tsinke a hannun akawunka, Mushe Abdu, wato Malam Abdu a Hausarmu ta Najeriya. Na fita na yanko robar tsohon tif na cikin taya daga jakar kayan aikina, na ɗaure masa su. Ba ƙararsa na kawo ba, mutumin kirki ne, ruwan sanyi yake ba ni duk zuwan da na yi. Na tambaye shi a wane shafi na doka aka rubuta goma. Ya ce shi ma haka ya tarar, wani shugaba ne can baya ya tsara hakan don kada a riƙa ɓata ambulan. Haba, ranka ya daɗe! Ambulan?

Na uku. Ba na roƙon a tausaya mini, aikina ya isa ya tsaya mini. Tsohon injin da ke ba kwamin shayar da dabbobi ruwa a bayan wayar da ta kewaye wurin aiki, wanda makiyayan wajen Gougaram ke kwana biyu a hanya don su iso shi, an daina kawo kayan gyaransa tun tuni. Ni nake ƙera masa abin da ya lalace. An ce baƙo ya koya wa 'yan ƙasa sana'a, na koya wa biyu, Agali da Mamman, yau kowannensu magidanci ne mai riƙe da injinansa. Ban ce in babu ni ruwa zai tsaya ba. Na kuma san ƙasa tana da ikon ta ce ɗanta ya fi cancanta da gurbina a wannan matsi. In amsar a'a ce, a rubuta mini a'a, a buga hatimi, in sa hannu biyu in karɓa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne in rasa aikin shekara goma sha ɗaya ba don wani ya duba ya ƙi ba, sai don mutum biyar da ban sani ba ba su zo ba.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. Ka sa a aika da biyar ɗin nan a ayarin ranar Alhamis mai zuwa. Alhusaini, direban kamiyo, babbar motar kaya da ke bin ayarin, ya ce in ka rufe ka sa hannu zai kai su har ƙofa, ambulan kuwa na riga na saya, tana aljihuna. Ka ba kowannenmu 'yar takarda mai hatiminka da ke shaida ranar da ya kawo dosiye, mu nuna wa iyayen gidanmu. Sannan ka rubuta wa na sama da kai cewa a riƙa ƙirga kwanan takardar likita daga ranar da ofis ya karɓa.

Akwai abin da ban so faɗa ba, amma gara ka sani. Makon jiya masu shawarar nan sun dawo har gida, suka ce dattawan biyu suna nan a shirye, mako biyu an gama. Hadiza tana zaune, yaran kawai ta bi da kallo. Na sake ƙi. Wancan karon da sauƙi, ni kaɗai ne da jaka ɗaya. Wannan karon ga mata ga 'ya'ya uku, kuma da za su fita ɗayansu ya ce zan neme su da ƙafata kafin Sallah. Ba zan neme su ba. Amma garin nan ƙarami ne, baƙi da yawa sun zuba ido su ga yadda wanda ya bi layi zai ƙare, kuma amsar tana kan teburinka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka a hanyar Agadez, ya ba mu damina mai albarka, ya kwantar da ƙasar nan da ta ciyar da ni.

Ƙunshin yana cikin koren kabad, aljihu na biyu, ɗaure da baƙar roba. Nawa ne na ƙasa, don shi ya riga kowa zuwa. Ɗaurin zarge na yi masa, ja ɗaya za ka yi ya kwance.

Wassalam.

Naka mai biyayya ga doka,
Lawali Mai Famfo, Arlit.