Zoben Tagulla da Hoton Ƙauyenmu

Kawu Lyuben, don Allah ka agaza mini, saura mako biyu bikin Waliyyi Iliya, kaina ya ɗaure.

Marigayi mahaifina ne yake ɗaukar hoton ƙauyenmu kowace shekara ranar bikin. Kowa da kowa a ƙofar coci, yara zaune a ƙasa, matasa a tsakiya, dattawa can a matakalar sama, haka muka taso muka gani. Yana da wani gilashin kyamara mai faɗin gani da yake kwashe mu duka har da babbar bishiyar da ke gefe. Bayan rasuwarsa kyamarar ta mutu, ta ƙi gyaruwa, ga shi bana ni zan ɗauki hoton. Na samu wata kyamarar mai fim a birnin Plovdiv, amma bakinta da na gilashin ba su dace ba. Ni kuwa shekara ashirin da wani abu na yi a kan injin sassaƙa ƙarfe, sai na sassaƙa zoben tagulla da hannuna don ya haɗa su. Kawu, ba yabon kai ba, ka ga zoben nan sai ka so ka sa shi a yatsa. Ya zauna daram, ko ɗigon haske ba ya shiga.

Da na gwada na wanke fim ɗin, na kusa sun fito tar, na nesa kuwa dishi-dishi. Sabuwar kyamarar ta fi tsohuwar zurfi, gilashin ya yi nisa da fim, kuma zoben ba zai ƙara sirancewa ba. Mafita ɗaya na gani, in ci gindin gilashin da magagari kaɗan. Yayana Zdravko ya ce in na taɓa kayan Baba mun ɓata har abada, wai ni komai na gani sai na kai masa magagari. Shi da ko ƙusa bai iya bugawa ba.

Abin da ke hana ni barci Kaka Stoyna ce. Tun hoton farko tana ciki, yanzu tana matakalar sama, ta haura casa'in, ta kuma faɗa mini da bakinta wannan ne na ƙarshenta. In fito da ita kamar hayaƙi? Ka faɗa mini gaskiya.

'Yar Mai Hoto, daga tsaunukan Rodopi

'Yata,

Da farko, sannu da aiki. Mutane da yawa da sun jefa gilashin a akwati sun manta. Ke kin ba shi sabon gida da hannunki, kuma kin gano matsalar da kanki. Ki yi alfahari, kin cancanta.

Amma ki ajiye magagarin. Yayanki bai iya ƙusa ba, na yarda, sai dai a nan yana da gaskiya: abin da kika cinye ba ya dawowa, gilashin kuma naku ne ku biyu. Ke ma kina da taki gaskiyar, don kayan aikin da aka hana aiki ya zama kayan ado. Bayan biki ki nemi kyamarar da ba ta kai wannan zurfi ba, ki sassaƙa wani zoben, ki kai Zdravko ya riƙe miki fitila.

Na bana kuwa, ki kafa kyamarar a kan mazauninta mai ƙafa uku, ki tsuke ƙofar da haske ke shiga gilashin, ki ɗauka da rana tsaka. Sannan ki juya jerin. Ki fito da kujeru, dattawa su zauna a gaba, Kaka Stoyna a tsakiya, inda gilashinki ya fi gani. Yara su hau matakala. Za a yi gunaguni, ki ce musu girmamawa ce, kuma ba ƙarya kika yi ba. Yaran nan ko sun fito dishi-dishi bana, suna da shekaru sittin da za su fito tar. Ita wannan kaɗai gare ta.

Allah ya ba ku rana mai haske, ya sa hannunki kada ya yi rawa.

Kawu Lyuben