Kwanon Hajiya Binta

Kawo, Kaduna

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Baba da su Sharhabil. Ya jikin Kaka? Ni lafiya lau, yanzu ba na yawan kuka.

Inna, likita ya ce Gwaggo Aziza ta rage ƙiba, in ba haka ba sai an yi mata aiki a gwiwa. Ni na rubuta mata abincin mako a takarda, yadda ya faɗa: koko ba sukari, kwaɗon zogale, tuwo malmala ɗaya. Amma kullum sai maƙwabciyarmu Hajiya Binta ta aiko da waina ko funkaso, Gwaggo kuma ta ce ƙin cin abincin maƙwabci wulaƙanci ne.

Kwana uku ina juya maganar a raina. Da na mayar da kwanon, na durƙusa na faɗa wa Hajiya abin da likita ya ce. Ta yi dariya ta ce, "Ashe 'yar nan tana da baki?" Tun ranar dafaffen wake take aikowa.

Wata biyu ke nan. Jiya aka auna Gwaggo, kilo huɗu sun tafi, likita ya ɗage aikin.

Don Allah a aiko mana da busasshen zogale. Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Nafisa