Kyamarar Da Ba Ta Da Dangi A Gombe

Zuwa ga Shugaban Zauren Masu Ɗaukar Hoto na Bolari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da mutanen shago. Ina fatan dariyar da ka yi a kaina ba ta bar maka ciwon haƙarƙari ba, domin na saurare ta har ƙarshe, kuma ta yi tsawo.

Sunana Rabi'atu, daga Tumfure. Ni ce wadda kake kira "mai digiri". Na zaɓi in rubuto a fili ne saboda duk zuwan da na yi shagonka cewa ake yi ka fita, alhali takalminka yana bakin ƙofar ɗakin ciki. Sannan abin da na rasa a bainar jama'a na rasa shi, wato sunana a wurin matan Gabukka, waɗanda su kaɗai ne kasuwata.

Na ɗaya, abin da na zo nema.

Na dawo daga bautar ƙasa da ɗan abin da na matse daga alawus. Ba shi da yawa. Na lura da abin da kowa ya sani: akwai tarukan mata da ba a yarda namiji ya shiga ba, ga shi masu riƙe kyamara a garin nan kusan duk maza ne. Sai na yanke shawarar sayen kyamarata ta farko, ta sana'a, irin wadda ake cire wa lensi a sa wani. Na yi bincike, na zaɓi wata ƙarama ta hannu daga cikin iri biyun da kowa yake riƙewa a Gombe. Dalilina kai ka fi ni saninsa. Mai ƙaramin ƙarfi in ya sayi kyamara, dangi ya saya. Batirin ɗayanku ya mutu a tsakiyar biki, waya kawai zai buga a kawo masa wani a mashin. Lensi aro ne, caja aro ce, filasha ma haka. Da aro ɗan koyo yake tsayawa kafin ya yi ƙarfi. An ce mini kai ne uban masu sana'ar, shi ya sa na hau keke tun daga Tumfure na zo neman albarkarka.

Na biyu, shawarar da ka ba ni.

Ka ɗauki ƙaramar da na nuna, ka juya ta kamar wanda aka miƙa wa ruɓaɓɓen tumatir, ka ce ta 'yan wasa ce. Ka ce a Gombe girman kyamara ake kallo kafin a kalli hoto, uwar amarya ba za ta ba da aiki ga mai riƙe da abu kamar gwangwanin madara ba. Wannan gaskiya ce, kuma ita kaɗai ce gaskiyar da na ji a shagon ranar. Daga nan ka jawo durowar ƙasa ka fito da wata baƙa, ƙatuwa, mai nauyi, ka goge ta da hannun rigarka. Ka ce don ni mace ce mai son sana'a za ka bar mini ita a kan abin da ke hannuna.

Na tambaye ka batir, ka ce ko'ina akwai. Na tambayi lensi, ka ce na kowa yana shiga. Ba ka gaya mini an daɗe da daina yin irinta ba, kuma a duk zaurenku babu mai riƙe da 'yar'uwarta. Ka karɓi lambata ka sa ni a gurup ɗinku na waya da hannunka, ka ce yanzu na zama 'yar gida. Har godiya na yi maka, Allah ya sani.

Na uku, ranar aiki.

Aikina na farko walimar saukar Alƙur'ani ce ta matan aure da tsofaffi a wata Islamiyya da ke Gabukka. Malamar makarantar ta tsaya mini, ta ce wa ɗalibanta ga 'yarsu mace, kowa ta saki jiki. Na yi cajin batir ya cika. Na gwada a gida, ya nuna lafiya lau, kamar yadda ya nuna a shagonka. Tsohon batir ashe haka yake, ya cika da sauri, ya zube ba sallama. Na ɗauki shigowar baƙi, na ɗauki kulolin abinci, na ɗauki sahun farko na matasa. Ana kiran sahun tsofaffi, waɗanda suka fara koyon baƙi da furfura a kansu, kyamarar ta rufe ido.

Ban firgita ba, ai ina da dangi. Na fita waje na bi lambobin gurup ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na gaya wa irin kyamarar sai ya ce Allah ya kyauta. Wani ya ce in tambayi jami'a. Ban gane barkwancin ba sai daga baya. Na kira ka, ba ka ɗauka ba. Na koma ciki da wayata, babu wuta, ajin duhu. Abin da na samu inuwoyi ne sanye da hijabi, ba ka bambance fuska da bango. Tun daga ranar, in na wuce layin makarantar, mata sukan ce ga mai ƙaton hoto nan. Malama ba ta yi mini faɗa ba. Gaisuwata kawai take amsawa a gajarce, kuma bikin 'yarta da ta ce ni zan ɗauka, na ji an fara cigiyar wata daga Bauchi.

Na huɗu, muryarka.

Da yammacin ranar ka aika saƙon murya a gurup. Ka manta ina ciki. Ban ga laifinka ba, macen da ba ta magana saurin ɓacewa take yi a idon manya. Ga abin da ka ce, ban ƙara ba, ban rage ba: "Jama'a, na rabu da marainiyar nan! Ta gama cin ƙura a durowa, mai digiri ta ɗauka. Yau tana can tana neman batir kamar mai neman jini a asibiti. Ku bar ta ta sha wuya sau ɗaya, za ta koma neman aikin ofis ta bar mana sana'armu." Sai dariya. Mutanenka suka bi ka da hotunan fuska mai hawaye.

Ashe ba kuskure ka yi ba. Na ji daɗin sanin haka, domin da farko har tausayinka na ji, na ɗauka shugaban masu hoto ne bai san kyamara ba.

Na biyar, wanda shi ne ya sa na ɗauki biro.

Na wanke hotunan wayar duk da muninsu, na bi gida gida ina ba da haƙuri. Na shiga gidan wata tsohuwa da 'yan ajin suke kira Dada, ita ce babba a sahun da ya ɓata. Ta shimfiɗa mini darduma, ta sa aka dama mini fura. A bangon falonta akwai babban hoto a firam, wani mutum ne da kyamara rataye a wuya yana murmushi. Ta ga ina kallo, ta ce tana haɗawa da Fulatanci, "Ɗana ne, ɓingel am. Shi ma mai hoto ne a Bolari, babba ne a cikinsu. Da maza suna shiga, ai da shi zai ɗauke ni." Kai ne a firam ɗin, ranka ya daɗe. Kusa da hotonka akwai ƙusa, sabuwa, babu komai a jikinta. Ta ce tun kafin walima ta sa aka kafa ta, a nan za ta rataye hotonta riƙe da allon zayyana, Malama ta ɗora mata hannu a ka, don ta zauna daidai da kai.

Ta karɓi abin da na kawo, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi. Ta ce, "Wacce ce ni a ciki?" Na nuna mata inuwa ta tsakiya. Ta ce to, Allah ya yi albarka, wataƙila idonta ne. Ta ce za ta gaya maka ka riƙa koya mini, tun da kai mutum ne mai taimakon na ƙasa.

Saƙonka yana cikin wayata, wayar tana kan cinyata, na shanye furar na fito.

Ga buƙatuna, ranka ya daɗe.

Ka karɓi marainiyarka ka ba ni ƙaramar da na zaɓa tun farko, da batirinta da cajarta. Ka sake aika murya a gurup ɗin, da ƙarfin da ka yi ta farko, ka faɗi abin da ka sayar mini da dalilin sayarwar, a tura wa Malama ta sa wa ɗalibanta su ji. Sannan ka je Gabukka da ƙafarka ka gaya wa Dada wanda ya zaɓa mini kyamara. Na san abin da zai fara zuwa maka, ka sa ta yi kwalliya ka ɗauke ta a falo da allo a hannu. Ni ma na kawo mata wannan shawarar. Ta ce a'a, sauka sau ɗaya ake yi, ba ta son hoton ƙarya.

Ta ce in dawo ranar Juma'a in ci dambu. Zan je, kuma ban iya zuwa gidan tsohuwa sau biyu ina ɓoye mata abu ba. Kai da saƙonka, ku shirya wanda zai riga isa.

Allah ya buɗa wa shagonka kasuwa, ya kare batiranka daga mutuwa a tsakiyar aiki. Allah ya haɗa ka da masu ba ka shawara irin wadda ka ba ni, ba ƙari ba ragi. Allah ya ja kwanan Dada, ya ƙara mata hasken ido, ta daɗe tana ganin hotonka da ƙusar da ke gefensa.

Wassalam.

Rabi'atu,
Tumfure, Gombe.