Guɗar Inna Ta Dawo

Daren Lahadi, Gubuchi

Na gaji tiɓis, amma barci ya ƙi zuwa. Yau Innata ta yi guɗa!

Tun da aka cire mata ƙari a wuya a Zariya, in ta zaro harshe sai ya karkace hagu, maganarta ma da ƙyar ake ganewa. Likita ya ce jijiyoyi biyu ne suka taso daga ƙwaƙwalwa, kowace da rabin harshen da take juyawa. Ta hagun ce ta bugu, shi ya sa ɓangaren mai lafiya yake ture shi can. Matar da ba a kai amarya a unguwar nan sai da guɗarta, ta koma nuni da hannu.

Ni na dage. Kullum da safe sai in shafa mata mazarƙwaila a gefen baki na dama, in ce ta laso. Har faɗa ta yi mini: "Ke Hadiza, akuyarki ce ni?"

Yau sunan ɗan Yaya Sani, mata har sun ce wa maƙwabciyarmu Talatu ta shirya yin guɗa. Ana sanar da sunan daga zaure, kafin Talatu ta buɗe baki, Inna ta kama hanci ta rangaɗa. Muryar ta ɗan karye a ƙarshe, ina ruwana! Gidan ya kaure da shewa.

Ɗazu na kai mata tuwo, ko kallona ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Gobe ki ƙaro mazarƙwailar nan."