Bulala Safe da Yamma

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan Bunkure lafiya, sai gajiyar ban-ruwan tumatir.

Ɗanka Habibu ya ishe ni da kuka. A Islamiyya in ya tsallake harafi, bulala. A boko in ya karanta kowane harafin Turanci tsakaninsa da Allah, nan ma bulala, wai wasu ba a faɗarsu. Jiya ya ƙi zuwa, ya ce, "Baffa, wane malamin ne yake ƙarya?"

Ni da iyakata yaƙi da jahilci, me zan ce? Ka sa mu a addu'a, ka gaida mai ɗakinka. In kana da amsa, aiko da wuri, don yau ma yana gida.

Ƙaninka,
Musa